Farantin tangaran na Japan: me ake saya da wannan tsadar?

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya kamar haka: "Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki. Mai shago ya nuna mini dina-set biyu, ɗaya na Chaina, ɗayan kuma ya ce na gargajiyar Japan ne, na mutum goma sha biyu, kuɗinsa ya ninka na farkon sau uku. Me ya bambanta su? Yaya zan gane na gaske? Kuma zai yi da tuwo da miya, ko na jerawa a kabet ne kawai?"

Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin lafiya. Maganar mai shagon nan kashi biyu ce. Cewa kayan na Japan ne, wannan yana iya zama gaskiya, kuma zan gaya miki yadda za ki tabbatar. Amma cewa na gargajiya ne alhali na mutum goma sha biyu ne, da manyan farantai shimfiɗaɗɗu iri ɗaya, a nan ya haɗa abu biyu da ba sa tafiya tare. Ba lallai ba ne da niyyar cuta ya faɗa, wataƙila shi ma haka aka gaya masa a inda ya saro.

Dalili kuwa yana cikin yadda mutanen Japan suke cin abinci. Ba sa tula komai a faranti ɗaya. Tsarinsu na asali shi ne shinkafa, da romo ɗaya, da mahaɗi kala uku, kowanne a mazubinsa. Shinkafa tana cikin ɗan kwano wanda ake ɗagawa da hannun hagu a kusanto da shi baki, a ci da 'yan sanduna biyu. Saboda ana ɗaga shi ne ya sa ake yin sa ba nauyi, kuma ake sa masa gindi mai ɗan tsawo don kada zafi ya ƙona yatsu. Romon ma yawanci ba a tangaran ake zuba shi ba, a kwanon itace ne da aka shafe da ƙaron wata bishiya mai suna urushi, domin itace ba ya ɗaukar zafi. Kifi yana kan dogon faranti mai kusurwa huɗu, ganye yana cikin wani ɗan ƙaramin kwano, ga wasu 'yan mitsi-mitsin farantai da ba su wuce tafin hannun yaro ba. Kuma ba a son su zo iri ɗaya. Uwargida tana alfahari ne da iya haɗa mabambanta, ta sa na gilashi da shuɗin tangaran lokacin zafi, ta fito da masu kauri na yumɓu lokacin sanyi. A gidaje da yawa kowa yana da kwanon shinkafarsa, ba mai taɓa na wani. Idan kuma za a sayar da su a jere, biyar-biyar ake haɗawa. Suna gudun huɗu saboda camfin da ke danganta lambar da mutuwa. Shida da goma sha biyu lissafin teburin Turawa ne.

Shi babban farantin nan shimfiɗaɗɗe, wanda ake cin nama a kai da wuƙa da cokali mai yatsu, baƙo ne a Japan, kuma an san ranar zuwansa. Wasu 'yan kasuwa 'yan gida ɗaya, Morimura, sun fara kai kayan Japan Amurka tun 1876. Da suka ga abin da Amurkawa ke so shi ne cikakken jeren kayan tebur fari ƙal, sai aka kafa masana'anta a 1904 a wani ƙauye mai suna Noritake, wanda yanzu ya shige cikin birnin Nagoya. Kofuna da tukwanen fure ba su ba su wahala ba. Abin da ya gagare su shi ne faranti mai faɗin santimita 25. In aka sa shi a wuta sai ya yi laushi, tsakiyarsa ta lotsa, bakinsa ya karkace, a fito da guda goma ba biyu da za su zauna daidai a kan juna. Sai da suka shekara goma suna fama. Ana ba da labarin cewa suna ta rage kaurin tsakiyar ne don su rage mata nauyi, sai da aka fasa wani farantin Turai aka duba tsagin, aka ga ashe tsakiyar tasa ta fi kauri. A 1914 suka fitar da dina-set na farko da aka taɓa yi a Japan. Saboda haka in kin ga na mutum goma sha biyu da sunan Noritake, ko Narumi, ko Nikko, ko Okura, kaya ne masu kyau, wasunsu ma sun kai a yi tinƙaho da su a ko'ina. Sai dai tsarin Turawa ne da hannun Japanawa. In don nagarta za ki biya, to. In don an ce miki gadon kakanninsu ne, ki rage kuɗin.

Kafin in shiga tarihin na gargajiyar, ya kamata mu rabe abu biyu da ake haɗawa a kasuwa a kira su duka faɗi-ka-mutu. Akwai na yumɓu, akwai na dutse. Tangaran na gaskiya daga dutse yake. Ana haƙo wani farin dutse, a daka shi ya zama gari, a jiƙa, a tace sau da yawa har a raba shi da yashi da ƙarfen da ke ciki, a matse ruwan, a kwaɓa. A cikinsa akwai farar ƙasa irin wadda ake haƙowa a Ƙanƙara ta jihar Katsina, tare da wasu ma'adinai masu narkewa su zama gilashi. Bayan an gina faranti ya bushe, sai a yi masa gashin farko a zafin da ya kai wajen digiri 900. A nan ne mai zane zai zauna da burushinsa. Ruwan zanen da yake amfani da shi, na ma'adinin kobal, in kin gan shi a lokacin toka-toka ne ko baƙi-baƙi, ba kyan gani. Farantin kuma yana shan ruwa nan take, don haka in hannu ya kuskure ba gyara. Daga nan a tsoma shi cikin ruwan gilashi, zanen ya ɓace gaba ɗaya a ƙarƙashin farin rufi. Sai gashi na biyu, wajen digiri 1,300. A wannan zafin jikin farantin yake haɗewa ya toshe, ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin goma na girmansa, rufin ya narke ya zama garau, shuɗin ya bayyana a ƙarƙashinsa. In ana son ja da kore da rawaya da ruwan zinariya, a saman gilashin ake zana su, a mayar wuta a karo na uku, wajen digiri 800. Ki riƙe wannan bambancin na zanen ƙarƙashi da zanen sama, domin shi ne zai amsa tambayarki ta lafiya da ta ƙarko.

Japan ba ita ta ƙirƙiro wannan sana'a ba. Ta Sin ce, kuma Sinawa sun riga su da ɗaruruwan shekaru, birnin Jingdezhen shi ne cibiyarta har gobe. Na faɗi haka ne don kada a ɗauka duk na Chaina na banza ne. Akwai na Chaina da ya fi na Japan ɗin da ke gabanki, akwai kuma tarkace, ya danganta da abin da ɗan kasuwa ya je ya ce a yi masa. Su Japanawa ta hannun mutanen Koriya suka samu. Mai mulkin Japan na lokacin, Toyotomi Hideyoshi, ya kai wa Koriya yaƙi tsakanin 1592 da 1598, yaƙin bai yi nasara ba, amma hakimansa sun komo da magina tukwane da yawa. Ɗaya daga cikinsu, Yi Sam-pyeong, shi ake jingina wa gano farin dutsen a Izumiyama, kusa da garin Arita a tsibirin Kyushu, a wajen 1616. Ramin yana nan har yanzu, tsauni guda an cinye shi cikin shekara ɗari huɗu. Yau galibin masu aikin Arita daga tsibiran Amakusa suke sayo dutse, don ya fi fari kuma ya fi daɗin aiki.

Abin da ya ɗaga Arita rikicin maƙwabta ne. Daular Ming mai mulkin Sin ta faɗi a 1644, yaƙi ya tsayar da fitar kaya daga Sin, kamfanin 'yan Holan mai fataucin gabashin duniya ya rasa abin kai wa masu saye. Su kaɗai ne Turawan da Japan ta yarda su yi ciniki da ita a lokacin, daga wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a Nagasaki. A 1659 suka ba da odar fiye da guda 56,000 a tashi ɗaya. Da yake ta tashar jirgin ruwa ta Imari ake lodin kayan, sai sunan tashar ya bi su. Sarakunan Turai suka haukace a kansu. Sarkin Saksoni a Jamus, Augustus, ya tara su da yawan gaske, kuma masana'antar Meissen da ya kafa a 1710 ta yi ta kwaikwayon zanen Arita. Ingila ma haka, Sinawa ma da suka farfaɗo suka shiga yin nasu Imarin da araha har suka ƙwace kasuwar. Amfanin wannan tarihin gare ki shi ne ki san cewa sunan Imari a jikin kwali ba shaidar ƙasa ba ce. Shekara ɗari uku ke nan ana yin Imari a wajen Japan.

Salon zanen kuwa, wanda idonmu ya fi sabawa da shi shi ne mai shuɗi mai duhu da ja da zinariya, an cika faranti taf ba masaka tsinke. Shi aka fi kai wa Turai, kuma shi ya fi ɗaukar ido a kabet. Akwai na gidan Kakiemon, waɗanda suka fara zanen launi a wajen shekarun 1640, kuma har yanzu zuriyar na aiki, mai riƙe da sunan a yau shi ne na goma sha biyar. Nasu fari ne mai taushi, ba mai ɗaukar ido ba, sai a zana reshe ɗaya da tsuntsu a gefe guda a bar sauran fili. Wanda bai sani ba zai ce an yi rowar fenti, alhali farin ne abin sayarwar, don samun sa ba tabo shi ne aikin. Akwai Nabeshima, wanda gidan sarautar yankin ya keɓe wa masana'anta a cikin wani kwari mai suna Okawachiyama, aka sa shinge da masu gadi don kada sirrin ya fita. Ba a sayar da shi a kasuwa a wancan zamani, kyauta ake kai wa shugaban mulkin soja da manyan hakimai. Ana gane shi da dogon gindi mai zanen haƙoran matsefi a kewaye. Sai Kutani na jihar Ishikawa, mai kauri da launuka biyar, kore da rawaya da ja da shunayya da shuɗi mai duhu. Duk waɗannan in na hannu ne na ainihi, faranti ɗaya zai iya cin kuɗin dina-set ɗinki duka biyun. Ba a samun su goma sha biyu a kwali a shagon kayan ɗaki.

Ni dai a ganina, waɗanda suka fi dacewa da gidan da ake girki kullum ba waɗannan mashahuran ba ne. Hasami ne da Mino da Tobe. Hasami gari ne da ke maƙwabtaka da Arita, a jihar Nagasaki, kuma tun zamanin da sana'arsu ita ce yi wa talaka kwano. Sun gina tanderu a jikin tudu, ɗaki bisa ɗaki, wani ya kai tsawon mita 170, suna gasa dubbai a wuta ɗaya, zanen kuma 'yan layuka ne da aka ja da sauri. Su suka sa tangaran ya shiga gidan mai ƙaramin ƙarfi a Japan. Mino kuwa, yankin garuruwan Tajimi da Toki da Mizunami a jihar Gifu, shi ke fitar da kusan rabin kayan cin abincin da ake yi a ƙasar. Har a shagunan da ake sayar da komai yen ɗari na kuɗin Japan ana samun farantin Mino, an rubuta masa Japan a gindi, kuma ba ƙarya aka yi ba. Wato kasancewar abu na Japan ba ya nufin mai tsada ne. Tobe na tsibirin Shikoku fari ne mai kauri da zanen shuɗi, yana da nauyi, yana jure wahala, shi ya sa masu sayar da taliyar udon a can suke son sa.

Ɗaya ɓangaren, na yumɓu, shi ne wanda Japanawa da kansu suka fi ɗaukaka a wajen shan shayinsu na al'ada. Na garin Bizen ba a sa masa ruwan gilashi ko kaɗan, ana gasa shi da itacen fayin kwana goma ko fiye, toka da harshen wuta su yi masa ado yadda suka ga dama. Na garin Hagi yana da rufi mai ƙananan tsage-tsage, shayi yana shiga cikinsu a hankali, launin kofin ya riƙa sauyawa da shekaru, su kuma wannan sauyin shi suke so. To ki kwatanta da miyar manja ko miyar kuka mai daddawa. Irin waɗannan, musamman masu taushin jiki irin Hagi, suna tsotsar ruwa kamar yadda sabuwar randa take yi, kuma abin da suka tsotsa ba ya fita, da maiƙon da warin. Su can sukan dafa sabon kwano a ruwan wankin shinkafa don ya toshe ƙofofin, su jiƙa shi kafin a zuba abinci, su shanya shi sosai kafin a ajiye. Amarya ba za ta yi wannan hidimar ba, kuma ba laifinta ba ne. Ki bar su sai in don ado.

A nan akwai wata 'yar alaƙa da mu da ba kowa ya sani ba. Bernard Leach, Baturen Ingila, a Japan ya koyi ginin tukwane, ya koma gida a 1920 tare da abokinsa Hamada Shoji suka buɗe wurin aiki. Ɗalibinsa na farko shi ne Michael Cardew, wanda ya zo ya kafa makarantar ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja, a farkon shekarun 1950. A can Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira ashirin, ta haɗa ginin hannu na Gwari da gashin wuta mai tsanani da ruwan gilashi. Wannan reshen na yumɓu ne, ba na farin dutse ba, amma silsilar malamansa tana komawa Japan.

Yanzu ga abin da za ki yi in kin koma shagon. Ki ce a fito miki da faranti daga cikin kwalin da za ki ɗauka, ba na nuni ba. Ki kifa shi. Zoben da yake zama a kai ba shi da gilashi, domin da an shafa masa da ya manne a tanderu, saboda haka nan ne kawai za ki ga ainihin jikinsa. Na dutse fari ne, mai laushin taɓawa, ba ya kartar yatsa. In kin ga ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya mai garas-garas, ba tangaran na gaskiya ba ne, ko da samansa ya fi madara fari. Ki ɗiga ruwa a wurin. In ya tsaya, madalla. In ya nutse ya bar duhu, jikin yana sha. Sannan ki kunna tocilan ɗin wayarki ki manna a bayan farantin, ki duba ta gaba. Mara kauri zai nuna haske, har ki ga inuwar yatsunki. Mai kauri irin Tobe ba zai nuna sosai ba, don haka wannan gwajin shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Ki ɗora shi a kan yatsu uku ki ƙwanƙwasa bakinsa da farce ko cokali. Lafiyayye yana ba da amo mai tsawo. In amon ya mutu nan take, ko dai gashin bai kai ba, ko akwai tsagar da ido bai gani ba. Daga ƙarshe ki jera shida a kan juna, ki durƙusa ki dube su ta gefe. Tazarar da ke tsakaninsu ta zama ɗaya, kada wani ya yi rawa. A nan ne manyan kamfanonin Japan suka yi suna, kuma a nan ne mai araha yake tona wa kansa asiri.

Batun zanen hannu ne ko na inji, ki kawo faranti biyu ki haɗa. In kowane ganye da kowane layi sun zo daidai ba bambanci, bugu ne. Ki matso da ido, sau da yawa za ki ga 'yan ɗige-ɗige, ko wurin da bakin takardar zanen ya haɗu ya ɗan hau kan juna. Na hannu kuwa shuɗinsa yana da wurin da ya yi duhu da wurin da ya yi haske, inda burushi ya sauka da inda ya tashi. Bugu ba aibi ba ne, kusan duk dina-set na kamfani haka ake yin sa, Japanawa ma sun fi shekara ɗari suna yi. Aibin shi ne a sayar miki da bugu a kuɗin hannu.

Tambarin gindi yana taimakawa, amma shi ya fi komai sauƙin ƙirƙira. Rubutun Japan a gindin faranti ba hujja ba ce, domin haruffan da yawa ɗaya suke da na Sin. Ki nemi inda aka rubuta ƙasar da aka yi shi ƙarara. Kalmomi irin su salon Japan ko zanen Japan dabarar 'yan kasuwa ce. Ki kuma sani cewa kamfanonin Japan ɗin kansu sun fitar da aiki waje: yawancin Noritake na yau a masana'antarsu ta Matale a ƙasar Siri Lanka ake yin sa, Narumi kuma suna da tasu a Indunisiya. Ba jabu ba ne, na kamfanin ne, kuma suna rubuta ƙasar a jiki. In kuma tsofaffi ne irin na gwanjo, tambarin yana ba da shekaru. Wanda aka rubuta wa Nippon, wato sunan Japan a harshensu, don kasuwar Amurka, tsakanin 1891 ne da 1921. Wanda ke ɗauke da rubutun da ke cewa an yi shi a Japan ta ƙarƙashin mamaya, na bayan yaƙin duniya na biyu ne, bai wuce 1952 ba. Masu tara kayan tarihi suna neman irin waɗannan, shi ya sa su ma ake buga na ƙarya.

Maganar lafiya ita ce wadda ba na so ki ɗauka da wasa. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Launukan da ake zanawa a saman gilashi, tun da ba a kai su zafi mai yawa ba, a da ana haɗa su da dalma don su narke da wuri su yi sheƙi, ja da rawaya kuma wani lokaci da wani ƙarfe mai guba da ake kira kadmiyam. Abu mai tsami shi ke jawo su ya shigar cikin abinci, mu kuwa abincinmu ga tumatir, ga yakuwa, ga tsamiya, ga lemun tsami. Dokar Japan ta yanzu tana sa a gwada kayan abinci ta hanyar zuba musu ruwan tsami mai ƙarfin kashi 4 cikin ɗari, a bar shi awa 24, a auna abin da ya fito, kuma masu aiki da yawa sun koma launin da ba dalma. Saboda haka sabon kaya daga sanannen kamfani ba abin tsoro ba ne. Inda nake jan kunne shi ne tsoho mai launi a ciki, da kuma wanda ba a san inda ya fito ba. Ki shafa yatsa a kan zanen. In kin ji sumul, yawanci zanen yana can ƙarƙashi ne, inda abinci ba ya taɓa shi. In kin ji tudu-tudu, ko zanen ya fara dushewa ko yana barin gari, wannan na kabet ne. Fari zalla da mai shuɗin ƙarƙashi su ne hankali kwance, kuma su ne ba sa koɗewa ko an shekara ashirin ana wanki.

Abu biyu kuma da mutanenmu kan yi tambaya a kai. Layin zinariyar da ke bakin faranti a kayan kirki zinariya ce ta gaske, shafe ne siriri ƙwarai. Sannan nau'in da ake kira tangaran ƙashi, mai haske da rashin nauyi, ana haɗa shi da tokar ƙashin shanu, ko da yake wasu kamfanoni yanzu sinadarin da aka haɗa a masana'anta suke sawa a madadinta. Ni abin da ke ciki na sani. Hukuncinsa kuwa a tambayi malamai.

To me za ki saya? In don cin abinci ne, shimfiɗaɗɗen farantin Turawa bai dace da tuwo ba, miya za ta bi gefe ta zube, ba kuma bangon da loma za ta jingina. Abin da ya fi mana shi ne wanda Japanawa suke cin shinkafa da miyar kori a ciki, mai zurfi kaɗan da baki a tsaye, faɗinsa santimita 21 zuwa 24. Su ma da cokali suke cin wannan, shinkafa a gefe miya a gefe, don haka kamar don dafa-duka da shinkafa da miya aka yi shi. Ma'auninsu na gargajiya ana kiran sa "sun", kowane ɗaya santimita 3 da 'yan kai, saboda haka in kin ga an rubuta 7 ko 8 a kwali, girman da nake nufi ke nan. Ki haɗa da kwanonin domburi, masu zurfi, wasu har da murfi, su yi miki na miya da na farfesu. In ana son na ci tare, akwai manyan farantai da suka haura santimita 30. A jihar Kochi al'adarsu ce a ranar biki a cika irin waɗannan da abinci kala-kala a ajiye a tsakiya kowa ya ɗiba, kuma za su ɗauki shinkafar mutum huɗu ko biyar ba matsi. Da ni ce ke, da na raba kuɗin: na ɗauki masu zurfi farare ko masu shuɗi guda goma sha biyu na amfanin kullum, da babba ɗaya ko biyu masu ado don baƙi da jere. Cikakken dina-set yana zuwa da abubuwan da yarinyar ba za ta taɓa amfani da su ba, irin su butar miyar nama da farantin burodi, kuma duk an lissafa miki su a kuɗin. In kuwa dangin miji da 'yan ganin ɗaki ne abin dubawa, wannan kin fi ni sanin yadda garinku yake.

Wajen kulawa, ki gaya mata kada soson waya ko toka da yashi su kusanci mai zinariya ko mai launin sama, soso mai laushi da sabulun ruwa sun isa. Mai zinariya ba ya shiga maikurowef, tartsatsi zai yi ya ƙone layin. Kada a fito da faranti daga firji a zuba masa tafasasshiyar miya, kada kuma a ɗora shi a kan risho ko gas don ɗumame, sauyin zafi na farat ɗaya shi ke tsaga shi. Tukunyar yumɓu ta Japan da ake ɗorawa a wuta daban take, da haɗinta na musamman. In za a jera masu ado a kan juna a sa ƙyalle ko takarda a tsakani, don zoben gindin na sama yana kartar fuskar na ƙasa. Wanda ya tsage ko bakinsa ya ɓantare a fitar da shi daga na abinci, tsagar tana riƙe maiƙo da datti. Za ta ga hotunan gyaran da Japanawa ke yi da zinariya a intanet. Na ainihin da ƙaron urushi ake yi, yana ɗaukar makonni kafin ya bushe, kuma aikin gwanaye ne. Wanda ake yi da gam ɗin kanti da hodar ruwan gwal bai dace a ci abinci a ciki ba. Sannan tun a shagon ki ƙara biyu ko uku a kan adadin da kike so, domin irin zanen da kika saya bana da wuya ki same shi baɗi in ɗaya ya fashe.